Issa Mai Bariyar Ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Dogon Dutsi a shekarun farko na mulkin kai, tun ba a zuba mata kwalta ba, ya san Issa ko da bai so ba. Dogo ne siriri, da zanen Arawa tun daga gefen baki har kunne, ga murya kamar ta mai kiran shanu. Aikinsa tsaron bariyar ruwa. Yaran yanzu ba su san ta ba, to bari a faɗa musu. Hanyar burji ce a lokacin, jar ƙasa da tsakuwa. In ruwa ya sauka sai ta yi laushi, babbar mota na hawa ta kwaɓe ta, gyaran wata guda ya tashi a banza. Shi ya sa aka kafa wani dogon ƙarfe a bakin gari, da an yi ruwa a sauke shi, manyan motoci su tsaya sai hanya ta sha iska. Mai sauke ƙarfen nan da ɗaga shi, shi ne Issa.

A wani ƙauye kusa da Tibiri aka haife shi. Uban ya dawo Dogon Dutsi da su tun suna ƙanana, ya sari daji ya yi gona a arewacin gari, can bayan dutse. Issa ya shiga aikin hanya tun zamanin Nasara, yana ɗaukar burji a kwando har tsakar kansa ta yi kanta, kafin a ga tsayinsa da muryarsa a ce ya dace da bariya. Kai, ya ji daɗin ƙarfen nan! Direban da ke fama da izza tun daga Maraɗi, in ya iso gaban Issa sai ya sauko yana “ranka ya daɗe”, da goro a hannu. Issa ya karɓa, ya taka a hankali zuwa tsakiyar hanya, ya danna diddige a ƙasa, ya dubi sama, ya girgiza kai.

“Ba ta yi ba tukuna,” in ji shi.

Sai a koma gindin gawo a zauna kewaye da shi, ana ba shi labarin garuruwa, ana dariyar abin da ya faɗa ko da ba na dariya ba ne. A nan ya saba da a kewaye shi, kuma abin ya shiga jininsa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya zama shef, wato shugaban ma'aikatan hanya na wannan yanki, leburori da masu bariya duka. Shef ɗin da ke kai wani dattijo ne ɗan Dahomey. Da dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasarsu da tamu aka ce ma'aikatansu su koma gida, dattijon ya ɗaure kayansa yana hawaye. Issa ya raka shi tasha, ya yi masa addu'a da baki, zuciyarsa kuwa tana kiɗa. Wa ya fi shi daɗewa? Wa ya fi shi sanin kowane kwari da kowace gada? Har kaki ya kai wa tela, ya ce a yi masa aljihu biyu a ƙirji.

Ashe motocin da suka kai mutanen Dahomey gida ba su dawo fayau ba. Sun kwaso namu da ke can, cikinsu har da Ambroise.

Ambroise ba baƙo ba ne. Gonar ubansa na iyaka da ta uban Issa, kuma Issa ne ya koya masa riƙon sungumi, ya sha dungure masa kai in ya sara rami a karkace. Daga baya 'yan mishan suka ɗauke shi lakwal, wato makarantar boko, aka yi masa baftisma, ya tafi Parakou a ƙasar Dahomey ya kama aikin jirgin ƙasa. Ya fara da riƙon tuta a bakin layi har ya kai mataimakin shugaban tasha. Ya dawo da matarsa Tabita, da akwatin kwano ɗaya, da usur a wuya, da wata hula mai baki irin ta ma'aikatan jirgi. Bai yi wata guda a gari ba takarda ta zo daga Dosso, an ba shi shef.

Ranar Issa bai ci tuwo ba. Matarsa A'i ta ajiye kwano ta ɗauke kwano.

“Yaron da na goya!” yake ta faɗi. “Yaron da ni share ma majina! Mi ya sani ga hanya? Jirgi dai ƙarfe biyu aka shimfiɗa mishi, ko makaho ya bi.”

“Maigida, rabo ne,” in ji A'i.

“Rabon uban wa? Tashi ki ba ni wuri.”

Washegari Ambroise ya zo har gindin gawo, ya cire hularsa, ya rusuna ya ce, “Yaya, ina kwana? Ga ni an ɗora mini kaya, sai da taimakonka.” Mutumin kirki zai ji sanyi. Issa kuwa cire hular ne ya fi ƙona masa rai, don sai mai hula ke cire ta. Ya ce, “Lafiya lau, Shef,” ya ja kalmar yadda kowa zai ji gatse a ciki. Daga ranar bai sake kiransa da sunansa ba.

Sai dokoki suka fara sauka, duk irin na jirgi. Da safe a busa usur, kowa ya tsaya a layi a gan shi. Mai bariya ba ya karɓar goro daga direba. Kwaɗon da Issa ke kulle ƙarfe da shi in zai je wani wuri aka cire shi, saboda ƙaramar mota da motar marasa lafiya suna da izinin wucewa ko da ruwa, kuma an taɓa barin wata mai naƙuda tana jiran mabuɗi. Babbar dokar kuwa, wadda Ambroise ke maimaitawa har aka haddace, ita ce ba a barin wurin aiki sai mai karɓa ya zo ya tsaya inda kake tsaye.

“A jirgi,” in ji shi, “in mai tuta ya ce bari in je in sha ruwa in dawo, kafin ya dawo an yi gawa.”

Issa ya yi murmushi a ransa. Ya san mutanensa. Arawa ne, ba a kora su da usur kamar awaki. Ya zuba ido yana jiran ranar da za su yi wa ɗan mishan tawaye, har yana ɗan hura wuta, in ya ga lebura shi kaɗai ya ce, “To, ka ga yadda muka koma sojan da ba bindiga.”

Ina! Tawaye bai zo ba. Mutumin nan da ya kawo usur shi ya kawo hutu bi da bi, abin da ba a taɓa yi ba. Ya sa aka kafa randa a inuwa duk inda ake aiki. In rana ta take ya tuɓe riga ya ɗauki kwando, in an zo cin abinci ya sa hannu a ƙwarya ɗaya da su. Ranar da diga ta sari wani lebura mai suna Tukur a ƙafa, Ambroise ya aza shi a keke ya tura shi da ƙafa har gidan likita. Kafin rani ya ƙare leburori sun sa sunansa a waƙar da suke daɓe hanya da ita. Issa na gindin gawo yana jiyo amshin daga nesa, kowane amshi yana sukar sa a haƙarƙari. Shekarunsa nawa a hanyar nan, ko mahaukaci bai taɓa sa sunansa a waƙa ba. Ya ji baƙin ciki ƙwarai, kuma ya san baƙin ciki ne, bai kira shi da wani suna ba.

Abin da ya fi ci masa rai, in Ambroise ya leƙo bariya da rana, direbobin da ke kewaye da Issa sai su juya. Wannan ya tambayi yadda jirgi ke shan ruwa, wancan ya tambayi ko gaskiya ne wutarsa na ƙona gonaki. Ambroise ya zauna a kan dutse yana ba su amsa, yana tambayar kowa gidansa da 'ya'yansa. Issa ya zama kamar turken da aka kwance wa doki.

To, ana nan damina ta matso, hadari ya fara leƙowa daga gabas. A nan ne Issa ya ce yanzu za a ga iyakar wayon jirgi. Kowa a Arewa ya san ruwan shuka ba ya jiran kowa. Ranar da ya sauka, liman da maƙeri da mai bori duk gona suke nufa, don in laima ta tsere maka, gero ya tsere maka, shekara ta tafi. Kuma ranar nan ce dai ake sauke bariya. Dā Issa kan kulle ƙarfe da kwaɗo ya tafi shukarsa, direbobi su yi ta zage-zage har ya dawo. Yanzu ba kwaɗo, ga doka.

A layin safe Tukur ya tayar da maganar. Ya ce, “Shef, in ruwa ya zo fa? Doka muka ci ko gero?”

Ambroise ya ce ya yi tunani a kai. Ranar ruwa ba a aikin burji, don ƙasa a jiƙe take, saboda haka leburori duka ba su da aiki. Sai a yi gayya. A haɗu gaba ɗaya a bi gonakin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kuma a fara da gonar wanda doka ta tsare a bariya. Hannu da yawa, kafin rana ta yi zafi an gama ta mutum ɗaya an shiga ta wani. Leburori suka ɗauki sowa, wani har da jefa hula sama.

Sowar ce ta kashe Issa. Da shiru aka yi, wataƙila ya yarda. Ya fito daga layi ya ce, “Shef, a cire tawa. Gonar ubana ba a shuka ta da usur.”

“Yaya, ai ba usur a ciki. Sungumi ne, wanda kai ka koya mini.”

“Na ce a cire tawa. Ban roƙi kowa ba.”

Ambroise ya sallami layi. Amma da ya ga A'i a bakin rijiya ya tambaye ta inda iri yake, ita kuwa mace mai 'ya'ya a gabanta, ta gaya masa. Ba ta gaya wa mijinta ba, don ta san halin kayanta.

Ruwan ya sauka gab da asuba, ruwa na gaske, har kwari ya kawo. Gari na wayewa Issa ya sauke ƙarfe ya kafa jar tuta. Motoci suka jeru, na siminti da na albasa, da wata ƙatuwa da aka loda wa ƙarafan gini har tana nishi. Yana tsaye yana kallon jama'a na wucewa ta gabansa, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri a ka, kowa na ce masa, “Issa, ina ruwa? Ba ka tafi ba?” Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hancinsa. Ya tuna gonarsa kwance bayan dutse, ya tuna shi da bakinsa ya ce a cire ta. A ransa ya hango gonakin leburori sun yi kore shar, tasa ta yi fari fat, ana nuna ta ana cewa ga gonar mai girman kai. Mai karɓarsa kuwa sai azahar.

Ya kwance igiyar wani buhu ya ɗaure ƙarfen da ita, ya yi mata ƙulli uku. Ya ce wa direbobi, “Wanda ya taɓa ta, ni da shi.” Ya bi ta gida ya ɗauki sungumi, bai ishe kowa ba, ya ɗauka A'i ta yi gaba da yara. Ya nausa.

Tun kafin ya kewaye dutsen ya jiyo waƙa. Da ya ɓullo sai ya tsaya cik. Gonarsa cike take da mutane. Leburori sun yi sahu suna sara, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, an ci fiye da rabi. A kan gaba Ambroise ne, ba takalmi, wando a naɗe har gwiwa, laka har fuska, yana sara yana ba da waƙa, ramukansa a miƙe sar. Tabita na bayansa da ƙoren iri. A'i kuwa na gindin aduwa tana dama fura, tana dariya, irin dariyar da Issa ya daɗe bai ji ta yi a gidansa ba.

Wallahi da ya ishe gonar ta ƙone da ya fi masa sauƙi. A bariya an ƙwace masa direbobi, a hanya an ƙwace masa leburori, yau ga shi har gonar ubansa da dariyar matarsa. Ya buɗe baki zai yi ihu a fita masa daga gona, sai Ambroise ya ɗago ya gan shi. Waƙar ta mutu a bakinsa.

“Yaya,” in ji shi, “wa ke bariya?”

Daga can kudu aka jiyo rurin injuna, ɗaya bayan ɗaya.

Direba da igiya? Ai ko minti ba su ɓata ba. Kafin a iso a guje motoci sun wuce, sun yi wa hanya kunya-kunya kamar gonar rogo. Mai ƙarafan ginin ta kai kwarin farko ta nutse har ciki, ta gicciye, ta rufe hanya ruf. Kwana da kwanaki ba mai zuwa gabas ba mai zuwa yamma. Cikin waɗanda suka maƙale har da tawagar wani babba daga Yamai, babban birni, wanda ya kwana a mota sauro na cinsa, kuma irin wannan ba ya yafewa.

Injiniya ya zo daga Dosso fuska a murtuke. Aka tsayar da kowa a layi, ya tambaya da Faransanci, tafinta ya juya: wa ke bariya ranar? Issa ya san abin da ke jiran sa. Kora ce, ba makawa, kuma kowa a layin ya san amsa. Leburori suka sunkuyar da kai.

Ambroise ya tako gaba ɗaya. Ya ce inda ya koyi aiki, in jirgi ya sauka daga layi shugaban tasha ake tambaya. Shi ya cire kwaɗo, shi ya tsara aikin ranar, kuma lokacin da abin ya faru yana gona da dukan ma'aikatansa, bai bar kowa yana zagaya ba. Injiniya ya sake tambayar sunan mai bariyar. Ambroise ya ce sunan da zai bayar nasa ne.

Kuna tsammani Issa ya ji kunya ko godiya? Ya ji, ɗan kaɗan, can ƙasa. Amma abin da ya taso ya rufe su shi ne yadda leburori ke kallon Ambroise a lokacin, har Tukur na share ido da bayan hannu. Issa ya ce a ransa, kai, wannan mutum, ko laifin nawa sai da ya ƙwace! Ya bar shi ya ɗauki laifin.

Aka sauke Ambroise daga shef, aka tura shi tsaron wata bariya can gabas a kan hanyar Ƙonni, wani fako da ba gari ba rijiya kusa. Aka duba wanda ya fi daɗewa, aka ba Issa. Ya sa kakinsa mai aljihu biyu, ya karɓi usur. Ranar da Ambroise zai tafi leburori suka yi ta rigimar wa zai ɗauki akwatinsa. Issa ya ce yana da aiki a wata gada.

Ya riƙe shef shekaru masu yawa, kuma a faɗi gaskiya bai yi sakaci ba. Dokokin Ambroise duk ya bar su yadda suke, har ya ƙara musu tsanani, sai gayyar shuka kaɗai ya soke, ya ce ba ta cikin aikin gwamnati. In ya busa usur ana tsayawa a layi, ana amsa masa da “to, Shef”, ana watsewa. Ba a taɓa yi masa rashin kunya ba, ba a kuma taɓa kiransa cin abinci ba. Geron shekarar da aka yi masa gayya ya yi kyau har rumbu ya kasa ɗauka, maƙwabta na cewa hannun Ambroise na da albarka, Issa na cewa takin bara ne.

Wata ɗabi'a ya ɗauka. Duk motar da ta fito gabas sai ya tsayar da ita ya duba taya, ya duba kaya, sa'an nan kamar ba da gangan ba ya ce, “Wancan na fako fa? Yana nan?” So yake a ce masa ya rame, ko ya fara shan giya, ko matar ta gudu. Kullum sai a ce yana nan lafiya, yana gaishe ka.

Wata damina, da la'asar, ya zo duba bariyar Dogon Dutsi, hadari na haɗowa baƙi ƙirin, ya sa sabon mai bariyar ya sauke ƙarfe tun kafin ruwa ya sauka. Sai ga Sama'ila, tsohon direba da ya sha zama gindin gawo a zamanin goro, ya taho daga yamma da kamiyonsa, babbar motar kaya. Issa ya ji daɗin ganinsa har cikin rai. Ya ce, “Sama'ila, sauko mana! Ruwa ya kusa, ka tsaya nan mu yi hira irin ta dā. Yanzu ni ne shef, ba mai tashin ka. In aika gida a kawo tuwo.”

Sama'ila bai kashe inji ba. Ya leƙo ta taga yana duban sama.

“Na gode, Shef, Allah ya ƙara girma. Amma don Allah a ɗaga mini, ina sauri.”

“Saurin mi? Ko ka wuce nan, ruwa na tsare ka a gaba.”

“Ai shi nike so,” in ji Sama'ila, ba tare da ya san abin da yake yi ba. “In na taka da kyau ina kai bariyar Ambroise kafin shi sauko. Can muka haɗuwa duka. Ya yi rumfa, Tabita na dafa shayi, a kwana ana hira. Wallahi Shef, har addu'a mukai ruwa shi kama mu a can.”

Issa ya dube shi. Mai bariyar ya miƙo hannu zai ɗaga ƙarfe, Issa ya ture shi ya ɗaga da kansa. Kamiyon ya wuce, wasu biyu suka bi bayansa, duk suna taka mai kamar ana korar su. Ya tsaya riƙe da ƙarfen har suka ɓace a kwana. Da ɗigon farko ya faɗo ya sauke shi ya kafa jar tuta, ba mota ko ɗaya a bayansa. Ya je gindin gawo ya zauna shi kaɗai, ruwa na zuba a kan kakinsa.